Ku bar yaran nan su taɓa da hannunsu

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata kan wannan baje kolin kimiyya da aka yi a Gusau, amma da na ga yadda ake ta yaɗa hotunan ana ruwan yabo, sai na ga shirun ba zai yiwu ba. Duk kun ga hotunan, ba sai na maimaita ba. Ni ina wurin, ni na kai yara 12 daga makarantarmu, don haka ba labari aka ba ni ba. Abin da aka yi ran nan ba koyar da kimiyya ba ne. Taron manya aka yi, aka jera 'ya'yan mutane a bayan tebura don hoto ya yi kyau.

Ƙarfe 8 aka ce mu iso, muka iso. Babban baƙo bai shigo ba sai gab da azahar. Duk tsawon wannan lokaci yaran suna tsaye, an hana su zama wai kada kayan makaranta su yamutse. Da aka fara kuma sai jawabi bayan jawabi, duk da Turanci, kowa na gaishe da kowa da sarautarsa da muƙaminsa. Wannan duk na iya haƙura da shi, mun saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na wata ɗalibata 'yar aji biyu na babbar sakandare. An ajiye madubin likita, wato na'urar da ake leƙawa a ga ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, sabo fil a kan wani tebur, yarinyar nan ta matsa a hankali ta miƙa hannu za ta leƙa, sai wani daga cikin masu shirya taron ya daka mata tsawa a gaban jama'a: "Ke! Kada ki taɓa, ɓatawa za ki yi!" Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi, ta koma bayan 'yan'uwanta ta sunkuyar da kai.

Yarinyar nan ajin kimiyya take. Baɗi za ta zauna jarrabawar WAEC da NECO, za a tambaye ta ƙwayoyin halitta. A rayuwarta ba ta taɓa ɗora ido a kan wannan madubi ba. Rana ɗaya tak da Allah ya haɗa ta da shi, a taron da aka ce don ita aka shirya, aka ce kada ta taɓa. To don wa aka kawo shi?

Yaron da bai taɓa da hannunsa ba, ba a koya masa kimiyya ba. Ku kira taron da duk sunan da kuke so, ku buga ƙyalle mai faɗin bango, ku raba jaka da hula, maganar tana nan inda take. Ba a koyon sassaƙa da kallon gatari. Ba wanda ya taɓa zama maƙeri don an kai shi ya ga uwar maƙera an dawo da shi gida. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke kai yaro ya zauna a gaban mai sana'a shekara da shekaru, ya yi zuga, ya ƙone yatsa, ya ɓata aiki a gyara masa. Mu da muka yi boko ne muka manta.

Ku dubi abubuwan da aka baje. Wani mutum-mutumi mai motsi da batir ya fi komai jan jama'a, manya suka tsaya aka yi ta ɗaukar hoto. Bayan sun wuce na matsa na tambayi yaron da ke tsaye wurin cikin Hausa, na ce ɗana, in na zare wannan jar wayar me zai faru? Ya dube ni, ya dubi malaminsa, ya sake karanto mini Turancin da aka ba shi ya haddace daga farko. Wallahi ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin an sayo shi a haɗe, an ba shi hadda, an ce ya tsaya. Zaluntarsa aka yi, domin an koya masa cewa kimiyya ita ce ka faɗi abin da ba ka gane ba cikin harshen da ba ka iya ba, a tafa maka.

Mu da muke aji mun san halin da ake ciki. Malami ya zana bututun awon sinadari a allo da alli, ya ce ku ɗauka ruwan nan ya sauya launi. Ku ɗauka! Yaro ya shekara uku yana ɗauka. Ɗakin gwaji, inda akwai shi, ko dai a kulle yake ko ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Sai ana saura mako guda jarrabawar gwaji a fara rige-rigen aro. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau muna tura yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora yatsa a kan madannai. Yaro ya san amsa, hannunsa na rawa, lokaci ya ƙare masa. Sannan a dawo a ce 'ya'yan Zamfara ba su da kai. Suna da kai. Hannunsu aka ɗaure.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, rabin abin nan ba ya buƙatar kuɗin a zo a gani. Ku jiƙa zoɓo, ku tace, ku zuba a kofi biyu. Ku matsa lemon tsami a ɗaya, zai ƙara ja. Ku zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a ɗayan, launin zai juye ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Shi ke nan, yaro ya ga bambancin mai tsami da kishiyarsa da idonsa, darasin da muke shafe makonni muna bayani a allo. Na yi wannan a aji ba sau ɗaya ba, kuma ranar ajin ba ya watsewa, har waɗanda ke kwana a kujerar baya sai sun taso. Wata yarinya ta koma gida ta gwada da ruwan tsamiya da sabulun salo, washegari ta zo tana ba ni labari bakinta har kunne. Ku ɗaure dutse da zare ku rataye a reshen darbejiya, ku sa yara su ƙirga lilonsa, su rage tsawon zaren su sake ƙirgawa, su da kansu za su gano cewa tsawon zaren ne ke sauya saurin, ba nauyin dutsen ba. Ku ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ku goga wa allura, ku ɗora ta kan ɗan ganye a kwanon ruwa, ta juya ta nuna arewa da kudu. Batir ɗin tocila biyu, guntun waya da ƙaramin ƙwai sun isa a koyar da yadda wuta ke zagayawa. Kuɗin rumfunan da aka kafa ran nan da na man jerin motocin da suka rako manya, da an sayi irin waɗannan da madubin likita ko guda ɗai-ɗai an kai makarantu, da yanzu ana amfani da su.

In akwai jihar da bai kamata a yi wasa da wannan magana ba, to tamu ce. Mun manta 2010? A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka mutu saboda gubar dalma. Ana kawo dutsen zinariya cikin gari, a niƙa shi a inji, a shanya a tsakar gida inda ake shanya hatsi. Dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, jariri ya yi rarrafe ya sa hannu a baki. Agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya gane abin da hakan ke nufi. Daga nan yara suka fara jijjiga, ana ta binnewa, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa zazzaɓi ne, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka zo aka auna jini aka gano. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013. Waɗanda suka rayu da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada.

Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya a garin da ya san cewa ƙura na iya ɗauke da guba ko da ido bai gani ba, cewa ba a niƙa dutsen nan a inda yara ke wasa, cewa jiƙa shi na rage ƙura, cewa mai aikin ya wanke jiki ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa. Wannan ilimi ne da ɗan ƙaramar sakandare zai iya riƙewa ya kai gida. Amma ba zai riƙe shi daga jawabi ba. Sai ya taɓa leƙa madubi ya ga ɗigon ruwan tafki da yake gani garau ashe cike yake da halittu masu motsi, sannan zai yarda har zuciyarsa cewa akwai abin da ido ba ya gani kuma yana kisa. Abin da aka hana ɗalibata ke nan. Ba ƙaramin abu aka hana ta ba.

Na san abin da za a ce, tun jiya an fara turo mini. Wai ai taron don ƙarfafa gwiwa ne. Wace gwiwa aka ƙarfafa wa yarinyar da aka yi wa tsawa? Wai kayan suna da tsada, in yara suka ɓata fa? Su ɓata mana! Kayan da aka saya don yara, gara su lalace a hannun yara da su yi tsatsa a kwali. Wai ba tsaro, ba za a iya shiga ƙauyuka ba. Wannan kam ba wanda zai koya mini zafinsa. Muna nan aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, muna nan aka rufe makarantu muka zauna a gida. Ban ce a kai kowa daji ba. Amma ƙananan hukumomi 14 gare mu, kowace da hedikwatarta da makarantun da ke buɗe. Masu rigakafin shan-inna suna isa. Lokacin zaɓe akwatin ƙuri'a na isa. Akwatin kayan gwaji ne kaɗai ba ya iya wuce Gusau? Wai kai me ka yi? Zoɓo da kanwa nake saya da albashina, kuma ba don a yaba mini na faɗa ba.

Ba mutane muka rasa ba. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga kwalejin horar da malaman fasaha ta mata a nan Gusau, ga kwalejin ilimi a Maru. Cike suke da matasan da suka san hanyar garuruwansu kuma suna jin Hausa. A ba kowane biyu akwati ɗaya da kuɗin mota, su riƙa zuwa makaranta guda duk mako har zango ya ƙare, su zauna a ƙasa da yara, a haɗa a kwance. Yaran Mafara da Maradun a kai su madatsar Bakolori su ga yadda ake sakin ruwa ya bi magudanai zuwa gonaki, su auna, su yi tambaya. A kira mai gyaran waya da mai haɗa sola daga kasuwa su shigo aji. A farfaɗo da ƙungiyar JETS, ta ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, da muka sani a makarantu muna yara. In an yi haka shekara guda, sai a yi baje koli a ƙarshe, kowane yaro ya kawo abin da ya haɗa da hannunsa, ko da ya karkace, ko da ya ƙi tashi. Kuma a bar shi ya yi bayani da Hausa in ita ta fi masa sauƙi.

A mota muna komawa kowa ya yi shiru, sun gaji, ga yunwa. Sai yarinyar nan ta matso ta ce, "Malam, me ake gani a ciki?" Na buɗe baki zan fara bayani, sai na ji abin da zan yi shi ne dai abin da nake yi kullum a allo, in ce mata ki ɗauka. Na ce mata in sha Allah kafin zangon nan ya ƙare za ki gani da idonki. Yanzu alkawari ya hau kaina, kuma zan nemo ko aro ne.

Ni kaina ba a ɗakin gwaji na fara son wannan fanni ba. Wani dattijo ne mai gyaran rediyo a Ƙaura, kusa da tashar jirgin ƙasa, Allah ya jiƙansa. In an tashi makaranta can nake zuwa in tsuguna. Bai taɓa korata ba. Shi ya fara miƙo mini ƙarfen like ya ce riƙe, na ƙone babban yatsa, tabon na nan har yau. Rumfar tasa yanzu caji ake yi a ciki. Af, tunda maganar rediyo ta zo, duk mai tsohuwar rediyo ko lasifikar da ta mutu a gida, don Allah kada ya ba 'yan gwangwan, ya yi mini magana zan aiko a karɓa. Maganaɗisun ciki nake so, nawa guda biyu ne kuma ajin ya fi ƙarfinsu.