Ranar da Tsuntsun Ostireliya Ya Biyo Ni Fadama

Ƙungiyar masu nazarin halittun daji ta yankinmu tana da wani littafi mai baƙin bango wanda ya girme ni. Hajiya sakatariya ce ke riƙe da shi, a cikin leda biyu saboda raɓa, kuma ba a shigar da komai ciki sai da abu huɗu: me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. In ka ce mata "kamar zalɓe na hango", sai ta mayar wa biro murfinsa ta ce ka koma ka duba da kyau.

Maƙwabcina ne ya ja ni ciki. A zaman da aka yi kafin fita, Baba Shugaba, tsohon malamin makaranta, ya ɗauko mana tarihi tun daga tushe. Ya ce a Birtaniya wannan sha'awa ta yi ƙarfi. A 1831 wani likita, George Johnston, ya kafa ƙungiyar Berwickshire a kan iyakar Ingila da Sikotland, kuma har yau tana nan. Ta Woolhope, a yammacin Ingila, ta biyo a 1851, su kuma a 1868 suka fara fita daji takanas don neman laimar kwaɗi, dattawa da gemunsu suna duƙe a gindin itace. A Amurka, a 1900, wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya ce maimakon gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti a riƙa ƙirga su, mutum 27 suka amsa kira. Da Baba ya iso Ostireliya a labarinsa, inda aka kafa ƙungiyar Victoria a Melbourne a 1880, sai ya ambaci kukabura: tsuntsu ne dangin masu kamun kifi, amma ƙadangaru da macizai yake ci, kuma da asuba yakan ƙyalƙyale da dariya don sanar da sauran cewa wurin nan da mai shi.

Wannan dariya ce ta tsaya mini a rai. Da dare na nemo ta a intanet, na sha dariya ni ma, na mai da ita ƙararrawar wayata. Da yake ni mai nauyin barci ne, na jera ƙararrawar a lokuta daban-daban, ban ma duba inda ta ƙarshe ta faɗa ba.

Da asuba muka hallara a bakin fadama. Baba ya yi gargaɗi: ba fararen kaya, ba surutu, duk wanda wayarsa ta yi ƙara ya koma mota. Na naɗe tawa cikin rigar ruwa, na cusa a ƙasan jaka, na goya. Muka shiga a jere. Aka nuna mini belbela, aka nuna mini jinjimi, aka koya mini cewa ba a ɗauke ido daga tsuntsu, madubin hangen nesa ake kawowa ga ido. Ni dai abin da na fi gani shi ne ƙeyar maƙwabcina, a kusa sosai.

Rana ta fara leƙowa, kowa ya yi tsit ana sauraro, sai ga dariya. A hankali ta faro, "ku-ku-ku", ta hau, ta fashe da "ka-ka-ka". Rigar ruwan ta danne sautin, ya zama kamar daga can cikin ciyayi yake fitowa. Baba ya ɗaga hannu ɗaya. Fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa gani a fuskar ɗan fansho ba.

"Kowa ya duƙa," in ji shi cikin raɗa.

Na duƙa tare da jama'a, gumi na bin bayana. Ƙararrawar ta yi shiru da kanta. Na san halinta: za ta huta ta dawo. Dabarar da ta zo mini ita ce in zame in yi nisa, in kashe ta a ɓoye. Na fara ja da baya, na kewaya wani kurmi. Ban kai ga zuge jakar ba ta sake fashewa.

"Ya koma gabas! Malam, tsaya nan, yana kusa da kai!"

Na ƙara sauri. Su ma suka ƙara. Duk inda na yi, tsuntsun ya yi, dattawa na biye da ni a sunkuye, madubai na lilo a wuya. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin sabon shiga mai sa'a irin tawa ba. A haka na taka wani wuri mai kore shar da na ɗauka ciyawa ce, na nutse cikin laka har gwiwa, takalmin hagu ya ce shi ya iso gida.

Wata ɗaliba ce ta fara isowa. Ta karkata kai ta saurara, ta dubi jakata, ta dubi Baba.

"Baba, kukabura ce fa. Kuma a bayan Malam take zaune."

Da sandar Baba aka jawo ni. Bai ce uffan ba, sai dai ya tambaye ni ko zan iya sake kunna masa, don bai taɓa jin ta da kyau haka ba. Aka kunna, aka saurara a tsaye, belbelun da ake ƙirgawa suka tashi gaba ɗaya. Maƙwabcina ya roƙi Hajiya ta rubuta, ai an ji, an san wuri, an san lokaci, ga shaidu. Ta ce saura a gani. Ya nuna mata hoton da ke fuskar wayar. Ta ce wannan sai dai a kai wa mutanen Melbourne.

Kafin mu watse aka yi mini naɗi ba tare da hamayya ba. Yanzu ni ne mai tsaron wayoyin ƙungiya: kowa ya miƙo tasa a bakin fadama, in zuba a jaka, in zauna da su a mota har a gama ƙirga.