Mu da muka yi dariya a lokacin kulle

Jiya ina gyaran kanta a laburarenmu na ci karo da wani littafin tarihi da har yau yake ƙamshin turaren wuta. Ina buɗe shi sai ga ni a watan Afrilun 2020, na zauna a ƙasa ina ta dariya ni kaɗai kamar wanda ya samu taɓin hankali. Zan dawo kan littafin. Abin da ya sa na ɗauko waya shi ne wani abokina da har yanzu yake cewa mu da muka riƙa barkwanci lokacin korona ba mu san girman musiba ba. Ban yarda ba.

Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko a Legas, ɗan Italiya. Mu a Kano muka ɗauka ciwon masu hawa jirgi ne. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, mu ma aka ce mu sa kwaɗo. Ran 11 ga Afrilu cutar ta iso Kano, ran 16 aka kulle gari, azumi ya kama a cikin kullen, a tsakiyar zafin bazara.

Laburare ba shi da kwastoma, yana da 'yan gida. Akwai 'yan fansho masu zuwa karatun jarida tun kafin a gama shara, waɗanda rabin zamansu musun siyasa ne cikin raɗa. Akwai 'yan WAEC da aka ɗage musu jarrabawa ba rana, sai a watan Agusta suka zauna. Akwai masu zuwa don fanka da cajin waya, kuma ban taɓa korar ɗayansu ba. Duk waɗannan muka kwaso su muka zuba a zauren WhatsApp guda. Niyyata in riƙa tura musu darasi. Kwana biyu da farawa na gane ko kallon darasin ba a yi.

Abin da ya tashi zauren kalmomi ne. Wata malama ce ta fara: "To maza, yau kun ɗanɗana kulle. Mu da muka shekara ashirin a ciki ba mu kira taron manema labarai ba." Aka kwana ana wannan. Washegari wani dattijo ya tambaya wa ya ba gwamnati izinin kiran ƙyallen rufe hanci da suna takunkumi, alhali shi a ƙauyensu jaki da raƙumi ake sa wa don kada su ci shukar mutane. Wani ya amsa masa da cewa ai sunan ya dace, tunda wasunmu ma ba sa barin shukar mutane. Baba maigadi kuwa da na kira shi in ji lafiyar littattafai, cewa ya yi: "Malam, masu karatu suna nan ba su fasa ba, sai dai ɓeraye ne, kuma ba sa ba da tazara."

Daga nan na ƙirƙiro kacici-kacici bayan sallar isha'i. Kyautar katin waya na naira ɗari, daga aljihuna. Tambayar farko: mece ce ma'anar korona? Amsa ita ce kambin sarauta a Latin, saboda tsinannun da ke kewaye da ƙwayar cutar in an duba ta a madubin likita. Nan take wani ya ce ashe mai rawani ce, shi ya sa ta fara gaisawa da manya. A lokacin gwamnan Kaduna Nasir El-Rufai ya riga ya sanar ya kamu. Da Allah ya yi wa Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, rasuwa sanadiyyar cutar ran 17 ga Afrilu, ba wanda ya sake maimaita wannan zolayar, kuma ba ni na hana ba.

Tambayar da ta fi armashi ita ce ta killacewa. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta samo asali ne daga kwana arba'in a harshen Italiya, kwanakin da ake tsare jirgin ruwa a bakin birnin Benis kafin a bar mutanensa su sauka, zamanin annobar da ta ci Turai. Matan zauren suka ce to mene ne sabo, ai arba'in tasu ce, duk mai jego ta san ta, har da wankan ruwan zafi. Na kawo musu murar 1918 da ta shigo ta jirgin ruwa a Legas ta bi layin dogo ta hauro Arewa. Wani ɗan fansho ya ce kakarsa da marisuwa take kiranta, kuma da ita take lissafin shekarunta. Wani almajirin ilimi ya ɗora da hadisin nan da ke cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta same ku a ciki kada ku fita. Daren nan ba wanda ya tuna da katin waya.

Ga inda nake sa wa abokina ƙafa. A makonnin nan saƙon ƙarya ya fi sauro yawa: a sha lemon tsami da tafarnuwa, zafin Kano na kashe ta, turakun 5G ne ke yaɗa ta. Samari suna rera "babu korona" a filin ƙwallo. Duk wanda ya fito da wa'azin lafiya fuska a murtuke, sai a ce an ba shi kason kuɗin tallafi ne. Amma mutumin da ka sa shi dariya da daddare, in ka ce masa da safe tafarnuwa ba ta magani, ya kai mahaifinsa asibiti, yakan saurare ka. Na gani da idona. Kuma waɗannan masu zolayar su ne dai suke sanar da rasuwa a zauren kusan kullum a ƙarshen Afrilu, lokacin da dattawan Kano ke ta faɗuwa, masu haƙa kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Mun rasa biyu daga cikin masu karanta jaridarmu. Ba jahilci ne ya sa muke dariya ba, mun san abin da ke bakin ƙofa.

Zolaya ɗaya ce na ƙi, nake goge ta ba shawara: duk wadda ƙarshenta ke cewa cutar ƙarya ce. Wannan kam tana kashe mutum.

To, littafin. Da aka fara sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis, na sanar cewa mai littafin aro ya kawo, an yafe tara. Dokar ita ce duk wanda ya dawo sai ya kwana uku a kwali kafin a taɓa shi, kamar yadda laburarori da dama a duniya suka yi, don binciken farko ya nuna ƙwayar na iya kwana uku a kan roba, a kan kwali kuwa kwana ɗaya. Sai ga wani dattijo da nasa a cikin leda biyu, ya miƙo min daga nesa da sandarsa. Na ce zan sa shi a killace. Ya ce: "Ba sai ka wahala ba, ɗana. Uwargida ta shanya shi a rana kwana uku, ta goge shi da dutsen guga, ta turara shi. In akwai korona a ciki, to ta musulunta."

Duk da haka sai da na jefa shi a kwalin. Ya tsaya yana kallona ta saman takunkuminsa, ya ce in an sallami littafin daga asibiti in ajiye masa, bai gama babi na shida ba.