Sennheiser da Bose: rabin da wannan ya sayar, shi wancan ya riƙe

Lokacin da na fara koyon haɗa kayan sauti, tun kafin in baro gida, tambaya biyu ake yi in an ga lasifika: wat nawa ce, kuma wane kamfani ya ƙera ta. Yanzu da nake wannan aiki a Jamus, ina haɗa ɗakunan taro da azuzuwan jami'a, abin da mai kwangila ke fara tambaya shi ne, “Tana jin Dante?” Sau da yawa ma wanda zai sa hannu a takardar ba mai sanin sauti ba ne, shugaban sashen kwamfuta ne, domin a kan layin sadarwarsa kayan za su hau.

Dante wani tsari ne da kamfanin Audinate na birnin Sidni a Ostareliya ya fito da shi a 2006. Yana ɗaukar sauti ya bi da shi ta wayar nan ta sadarwa da ake jona kwamfuta da ita. A da, kowane makirufo da wayarsa har zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautukan wuri guda, sai ka ga damin wayoyi mai kaurin dantse. Yanzu waya guda na ɗauke da ɗaruruwan layukan sauti har tsawon mita 100, kuma ita ce ke ba makirufon wuta. Audinate ba ya ƙera lasifika ko ɗaya. Lasisi da manhaja da 'yan ƙananan cif, wato ƙwaƙwalwar lantarki da ake dasawa cikin na'ura, yake sayar wa ɗaruruwan kamfanoni, kowa ya sa a cikin kayansa.

Wannan sauyi ne ya sa nake yawan kwatanta shawarar da manyan kamfanoni biyu suka yanke, kusan lokaci guda. Dukansu sun gane taura biyu ba ta taunuwa: ba za ka yi kokawa a kasuwar iyafis ɗin jama'a ba kuma ka yi a kasuwar kayan ƙwararru. Sennheiser, wanda Fritz Sennheiser ya kafa a 1945 kuma har yau yake hannun iyalinsa kusa da Hanoba, ya sanar a 2021 cewa ya sayar wa Sonova, kamfanin Suwizalan mai ƙera na'urar taimaka wa ji, ɓangarensa na kayan jama'a a kan Yuro miliyan 200. Ya riƙe makirufo da kayan situdiyo da na ɗakin taro. Shi kuwa Bose na Amurka sai ya yi akasin haka. A 2023 ya sayar wa kamfanin zuba jari Transom Capital ɓangarensa na kayan ƙwararru, Bose Professional, ya riƙe hedifon da lasifikar gida da ta mota.

A ganina Sennheiser ya fi zaɓa da kyau, kuma ba don ina zaune a ƙasarsu nake faɗa ba.

Kasuwar iyafis ta riga ta koma hannun masu waya. Tun da Apple ya cire ramin jona iyafis daga iPhone 7 a 2016 ya kuma fito da AirPods a ƙarshen shekarar, abin da mai saye ke nema shi ne ya buɗe akwatin iyafis kawai wayarsa ta gane. Wanda ke da wayar shi ke da iko da wannan. Komai daɗin sautinka, a gidan wani kake haya. Sannan kaya ne masu batir, bayan shekara biyu ko uku sun gaji, sai a sake zaɓe, kuma ba abin da zai ɗaure mai saye ya dawo gare ka. Bose da kansa ya rufe shagunansa 119 a Arewacin Amurka da Turai da Japan da Ostareliya a 2020.

Ɗakin taro ba haka yake ba. In jami'a ta sa makirufon silin na wani kamfani a azuzuwa 40, ta koyar da ma'aikatanta manhajarsa, ta saba ganin kowane aji a allon kwamfuta guda, to aji na 41 ma na kamfanin za a sa. Ba ƙauna ba ce, wahalar sauyawa ce. Masu kuɗi sun gane haka: Acuity Brands, kamfanin da fitilu ne sana'arsa, ya sayi kamfanin kayan sauti QSC a kan sama da Dala biliyan 1.2 a farkon 2025, kuma abin da ya ja shi shi ne Q-SYS, manhajar da ke sarrafa sauti da kyamara da allo a gini. Sennheiser ma bai zauna ba, a 2022 ya sayo Merging Technologies na Suwizalan, waɗanda suka ƙware wajen tura sauti ta layin sadarwa.

Zan yi wa Bose adalci. Yana da ƙafa a mota, kuma kuɗin da ke can ba wasa ba ne. Dala biliyan 8 da Samsung ya biya ya sayi Harman, mai JBL da AKG, a 2017, galibi saboda kayan mota ne. Sunan Bose kuma yana da nauyi a wajen matafiya masu neman hedifon mai kashe hayaniya.

Inda nake jin tsoro game da hanyar Sennheiser shi ne dogaro da Dante. Duk wanda ya gina kayansa a kan Dante ya miƙa wuyansa ga wani kamfani. Mun ɗanɗana irin wannan dogaro da kamfani guda. A watan Oktoba na 2020 gobara ta cinye masana'antar AKM da ke Nobeoka a Japan, wadda ke ƙera cif ɗin da ke juya sauti zuwa lambobi, sai ƙarancin cif na duniya ya biyo baya a 2021 da 2022. Akwai ɗakin taron da muka gama komai, muka yi wata da watanni muna jiran akwati guda daga wani kamfani. Mai ginin yana kirana kusan kowane mako, ni kuma ba ni da abin faɗa masa sai haƙuri. Shi ya sa wasu ke neman wata ƙofar. Akwai AES67, ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin sauti ta fitar a 2013 don tsare-tsare daban-daban su ji juna, akwai kuma wani tsari mai suna Milan da masu ƙera lasifika L-Acoustics da Meyer Sound da d&b ke goyon baya. Amma a takardun kwangilar da ke zuwa hannuna, cikin layin farko-farko har yanzu Dante ake rubutawa, kuma shugaban sashen kwamfuta ba ya sa hannu sai ya gani.