Medicare: Kada araha ta ruɗi dattawanmu da ke Amurka

Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba na kowace shekara, masu Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta 'yan shekara 65 zuwa sama, suna da damar sauya tsari. A lokacin ne kamfanoni ke cika akwatin wasiƙu da tallar tsarin da ba a biyan ko sisi a wata. Ina ganin iyayenmu da ke can, musamman masu zuwa gida su daɗe, ya kamata su yi hattara da wannan talla.

Hanya biyu ce. Ta farko Medicare ta asali: sashen A na kwanciya asibiti, sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje, sai a sayi sashen D na magunguna daban. Duk likitan da ke karɓar Medicare a faɗin ƙasar za ka iya gani. Aibinta shi ne sashen B kashi 80 cikin 100 yake biya, ragowar 20 na wuyanka, kuma ba su da iyaka. Ga mai wankin ƙoda ko jinyar ciwon daji, wannan kaso kaɗai na iya cinye ajiyar shekaru. Shi ya sa ake haɗa ta da Medigap, inshorar da ke toshe gibin.

Ta biyu Medicare Advantage, wadda ake yi wa waccan talla, inda gwamnati ke biyan kamfani ya riƙe komai. Tana da alfanu na gaske: akwai iyakar abin da za ka kashe a shekara, wadda a 2025 ba ta wuce dala 9,350 a wurin likitocin da ke jerin kamfanin ba, kuma sau da yawa ana ƙara haƙori da tabarau. Sai dai kuɗin sashen B, dala 185 a wata a 2025, yana nan daram. Likitan zuciyarka na iya fita daga jerin a tsakiyar shekara, kuma wasu ayyukan tiyata da hoton MRI sai kamfani ya sa hannu tukuna.

Abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba shi ne ƙofar Medigap wata shida kacal take buɗe, daga watan da ka shiga sashen B kana da shekara 65 ko fiye. A cikin waɗannan watanni ba mai ikon korarka saboda hawan jini ko ciwon suga. Bayan sun wuce, a yawancin jihohi kamfani zai binciki lafiyarka, ya ƙara kuɗi ko ya ƙi ka baki ɗaya. New York da Connecticut na cikin 'yan jihohin da ƙofar ba ta rufewa. Wanda ya fara da Advantage yana 65 yana da shekara guda ta gwaji da zai iya komawa Medicare ta asali ya sayi Medigap ba tare da binciken lafiya ba. Idan ciwo ya zo yana 72, komawar ta yi wuya.

Sai batun tafiya. Medicare ta asali kusan ba ta biyan jinya a wajen Amurka, ko a Kano ne ko Kumasi ko Yamai ko wurin aikin Hajji. Nau'o'in Medigap da ake kira G da N suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, bayan ka biya dala 250, har zuwa dala 50,000 a tsawon rayuwa. Mai Advantage kuwa, idan ya wuce wata shida a wajen yankin kamfanin, za a iya cire shi. Kuskure mafi tsada shi ne dattijo ya daina biyan sashen B don yana gida: kowace cikakkiyar shekara da ya yi babu shi tana jawo tarar kashi 10, kuma tarar ba ta faɗuwa muddin yana cikin tsarin.

Mai ƙaramin ƙarfi ya fara duba ko ya cancanci Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, domin mai ita ba ya buƙatar Medigap. Wanda ba ya tafiya, likitocinsa kuma suna cikin jeri, Advantage na iya isarsa. Kafin sa hannu dai, 'ya'ya su zauna da Baba ko Inna, a jera kwalaben magani a rubuta suna da ƙarfin kowanne, a duba su a shafin Medicare.gov, a buga wa ofishin likita waya a tambaye shi ko zai karɓi wannan tsari a shekara mai zuwa. Kowace jiha tana da shirin SHIP mai ba da shawara kyauta, kuma masu ba da shawarar ba sa karɓar la'ada daga kamfani.