An ɗaura disk an bar tsohon metir, sai a ce wai zafin Damagaram ne

Kun dai ga bidiyon a-kori-kurar nan ta hanyar Mirriah, tayoyin gaba na tashin hayaƙi, direba na watsa musu ruwan jarka, fasinjoji sun koma gindin bishiya da buhunansu. Sharhin da ke ƙasa ya fi bidiyon ban haushi. Wannan ya ce birkin disk bai dace da zafin Damagaram ba. Wancan ya ce tsohuwar Land Cruiser ba ta karɓar baƙon ƙarfe. Har da mai cewa sammu ne. Sammu! To madalla, amma wanda ya yi sammun nan da kile a hannunsa ya yi shi, kuma an biya shi ladan aiki.

Motar nan an cire mata birkin tambur, wato mai siffar ganga, a gaba, an ɗaura na disk, mai faifai, an bar metir silinda na tambur yadda yake. Shi ke nan labarin. Metir shi ne famfon da ke bayan feda, shi ke tura man birki zuwa ƙafa huɗu, kuma wanda aka ƙera don tambur yana da ɗan bawul a bakin fitar mai, roba ce ƴar ƙarama da sifirin a bayanta, aikinta ta riƙe matsi kamar bar 0,7 a cikin bututu ko bayan ka ɗaga ƙafa. Tambur na son wannan, don sifirin ɗinsa masu ƙarfi ne, suna janye garnitir, wato takalmin da ke guga cikin tambur, baya. Etiriye, wato abin da ke damƙe disk, ba shi da sifirin ko ɗaya. Robar da ke zagaye da fistan ce kawai ke ɗan maido shi, tazarar da ba ta fi kaurin takarda ba. Ka bar masa matsin nan, falaket, wato ɓangaren da ke guga disk, ta kwanta a kansa tun daga tasha, tana guga, tana zafi, har mai ya tafasa. Man birki DOT 3 sabo fil yana tafasa ne a digiri 205, wanda ya tsotsi danshi ya sauko kusan 140. Da ya tafasa feda sai ta nutse har ƙasa. A kwance babban notin bakin metir, a zare bawul ɗin layin gaba, a bar na layin baya tunda can tambur ne har yanzu. Aikin minti goma. Shi ne ba a yi ba.

Za ku ce, ai maigida wane ya yi wa motoci da yawa haka kuma suna kan hanya. Suna kan hanya, e. A tambayi masu su sau nawa suke sayen falaket a shekara.

Ni ban ce kada a mayar da gaba disk ba, a fahimce ni. Duk wanda ya san Land Cruiser 45 mai tambur huɗu ya san wahalarta: silinda biyu a kowace taya, takwas ke nan, kowanne da hannu ake daidaita shi, in ɗaya ya saɓa mota ta riƙa fizga gefe. Ka ratsa ruwan kwari da damina, birki ya tafi hutu sai ya bushe. Ka sauko gangara da lodin gero, tambur ya yi zafi ya buɗe, garnitir ta kasa cim masa. Disk yana fili, iska na kaɗa shi, yana watsar da ruwa da yashi, kuma shi ke daidaita kansa. Tunda ƙafar gaba ce ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na tsayawa, aikin ya cancanci kuɗinsa. Amma fa birki daga feda yake farawa, ba daga taya ba.

Ga kuma zancen matsi. Tambur yana taimakon kansa, juyin taya na jan garnitir tana ƙara cizo. Disk babu wannan, abin da ƙafarka ta ba shi da shi zai yi aiki. Mu yi lissafin ɗan firamare. Ka taka da nauyin kilo 50, feda ta ninka sau biyar, kilo 250 ke nan. Metir mai faɗin milimita 25,4 zai ba ka kusan bar 50. Mai 22,2 zai ba ka kusan 65, sai dai feda ta fi nisa. Saboda haka masu cewa a sa babban metir don birki ya yi ƙarfi, a juye suka fahimta: babba feda yake taurarawa, matsi ya ragu. Mafita ita ce metir ɗin da aka ƙera don disk a gaba tambur a baya, tare da sarbonsa, wato tukunyar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi da zuƙar iska. Injin fetur daga manifol sarbo ke samun zuƙar iska. Injin gazuwal ba shi da ita, sai famfon da ke maƙale a bayan altanato, in babu shi ko ya mutu, sarbon ado ne kawai. Sannan sandar da ke fitowa daga sarbo tana tura fistan metir, dole a bar mata ɗan sarari ƙasa da rabin milimita, feda kuma ta yi wasa na milimita 3 zuwa 6 kafin ta kama. In sandar ta yi tsawo, sai ta toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa kwano, mai ya yi zafi ya kumbura ya rasa hanya, taya ta riƙe kanta da kanta. Wa ya auna wannan a motar Mirriah? Ku faɗa mini.

Kwanon mai ma abin dubawa ne. Etiriyen Toyota fistan huɗu gare shi, falaket na cinyewa suna fitowa, mai na bin su. Ƙaramin kwanon tambur zai iya ƙafewa kafin falaket ta ƙare. In kuma motar ta shekarun 1960 ce mai layi ɗaya tal, tiyo guda ya fashe ƙafa huɗu sun tafi tare. Wannan ba a ma tsaya muhawara, mai layi biyu za a sa.

Masu walda kuma, Allah ya shirye ku. A yanko farantin ƙarfe, a liƙa shi da wuta a gwiwar ƙafa, wato inda tayar gaba ke karyawa, a rataya etiriyen wata mota, a shafa baƙin fenti. Gwiwar nan zubi ce, walda na sa ta tsage a gefen ɗinkin, kuma ranar da za ta balle ita ce ranar da aka taka da gaske. Alhali kayan da ke shiga daidai suna nan: ƙafar gaban Land Cruiser 60 mai disk, ko ta Hilux mai jan ƙafa huɗu ta 1979 zuwa 1985. A kwaso komai daga gwiwa zuwa waje, gwiwa, fize, kardan, muyo, disk, etiriye da hannun sitiyari, daga mota guda, ba a tsinto ɗaya a nan ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba. A ƙirga haƙoran kardan, wato sandar da ke juya taya, kafin a biya, don na tsofaffin farko manya ne, ba sa shiga. Sabon kardan ya fi kauri, wani lokaci sai an ɗan goge bakin gidansa kafin ya wuce. Ramin rotil, wato gaɓar sandar sitiyari, a sabon hannun sitiyari ya fi faɗi, in aka cusa tsohon rotil noti zai ɗaure amma yana rawa a ciki, kuma wannan sitiyari ne, ba rediyo ba. Siraran kal, wato ƙarafan cike tazara na sama da ƙasan gwiwa, a maido su a auna da sikelin rataya, kada a zubar. Notin rulma kile mai lamba 54 yake so, amma leƙa kowace mota a garin nan, za ka ga bakinsa duk saran kurfi da guduma.

Wai kuɗi ya yi yawa. To a bar tambur ɗin mana, a daidaita shi, a sa garnitir mai kyau. Tambur mai lafiya ya fi disk rabi da rabi sau goma. Garin neman gira ake rasa ido.

Saura ƙananan da ke kashe mutum. Etiriye na da hagu da dama, ƙusar cire iska dole ta kalli sama, in ta kalli ƙasa ku kwana kuna famfo iska ba za ta fita ba. Bututu na ƙarfe ne mai milimita 4,75, bakinsa naɗi biyu, ba jan ƙarfen firji ba. Tiyon roba a gwada shi mota na ɗage, a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, kada ya miƙe, kada ya taɓa taya. Tsohuwar janti mai inci 15 da ribiti a ciki takan gogi etiriye, a juya ta da hannu a saurara. Ana cire iska daga tayar da ta fi nisa da metir. Layin baya kuma a sa masa bawul mai rage matsi, don a-kori-kura in ba kaya bayanta ba nauyi, tayoyin baya su riga kullewa, gindi ya zagayo gaba. A gwada a kan jar ƙasa, mota wayam, wani na tsaye yana kallo: gaba ce za ta fara kullewa. Sabuwar falaket kuma a zaunar da ita, daga 60 a sauko 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar ta ta huce tana tafiya. Bayan kilomita biyar ba taka birki, kusanta hannu da janti. In da zafi, a koma kan metir. Kullum metir.

Af, tunda ana zancen motar, kun lura da yaron mota a ƙarshen bidiyon, ya diro da guntun icce yana cusawa a bayan taya? Birkin hannun tsohuwar 45 ba a taya yake ba, ɗan tambur ne a bayan akwatin taransifa, kuma abin da ke kashe shi man giya ne da ke yoyo ta robar bayan akwatin yana jiƙa garnitir. Robar nan ba ta da wani tsada. Amma an gwammace a riƙa ɗaukar ɗan mutane mai shekara goma sha biyar yana tsalle daga mota tana gangarawa, da silifa.