Sun ɗauki injinan Wells, sun bar tambayarsa

Har yanzu raina bai kwanta ba game da wata muhawara da muka yi jiya, musamman iƙirarin da wasu suka yi ta nanatawa cewa labarin halittun wata duniya masu kawo wa 'yan Adam hari ƙirƙirar masu fina-finan Amurka ce, kuma babu komai a cikinsa sai wuta da hayaƙi. Duk wanda ya faɗi haka bai karanta littafin The War of the Worlds na marubucin Ingila H. G. Wells ba, ko kuma ya tsallake babin farko.

Littafin ya fito a 1898, lokacin da Birtaniya take ganiyar mulkin mallaka, kuma Wells bai kai masifar wata ƙasa mai nisa ba, a Woking ya sauke ta, garin da ya zauna a kudancin Ingila. Wani ƙaton ƙarfe daga duniyar Mars ya faɗo a filin Horsell, jama'a suka taru suna kallo, aka tura tawaga riƙe da farar tuta domin a yi magana, wani haske mai zafi ya ƙone su ƙurmus. Daga nan injina masu ƙafa uku da suka fi gidaje tsawo suka nufi Landan, mutanen babban birnin daula suka cika hanyoyi suna gudun ceton rai, wasu a keken doki, wasu a ƙasa, ana tattake juna.

Tun a babin farko marubucin ya tuna wa masu karatunsa yadda Turawa 'yan kaka-gida suka ƙarar da mutanen Tasmaniya, wani tsibiri a kudancin Ostireliya, cikin shekara 50, sannan ya tambaye su da wane ido za su yi kuka idan wanda ya fi su ƙarfi ya yi musu haka. Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan littafin. A shekarar da ya fito aka yi yaƙin Omdurman a Sudan, inda bindigar Maxim mai sarrafa kanta ta sojojin Birtaniya ta kashe dubban mayaƙa a safiya ɗaya, a 1903 kuma aka ci Kano da Sakkwato. Bai kamata a ce mu ne za mu kasa gane abin da yake nufi ba.

Waɗanda suka biyo bayansa sun kwashe kayan aikinsa kaf: saukar baƙi ba sallama, makamin haske, rushewar manyan birane, sojojin da makamansu ba sa tasiri. Abin da yawancinsu suka ajiye shi ne tambayar. A wurin Wells ba mutum ne ya ci yaƙin ba, ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan bayan sojoji sun gaza, don haka babu wanda ya isa ya bugi ƙirji. Amma a fim ɗin Independence Day na 1996 an mayar da ƙwayar cutar ta zama ta kwamfuta, wadda hazikancin mutum ya ƙera, shugaban Amurka da kansa ya hau jirgin yaƙi, aka tashi da murna. Labarin da aka rubuta domin mai ƙarfi ya ji kunya ya koma kirarin mai ƙarfi. Fim ɗin da darakta Spielberg ya ɗauko daga littafin a 2005 ya fi kusa da asali, domin ya riƙe gudun hijirar da ƙwayoyin cutar.

Masu cewa fim nishaɗi ne kawai ba su ba ni amsa ba, domin littafin ma ya nishaɗantar, kuma hakan bai hana shi faɗin gaskiya ba. Masu cewa Wells kansa ya yi amfani da kalaman fifita launin fata sun yi gaskiya, ban kuma wanke shi ba, sai dai hakan bai goge tambayar da ya yi wa mutanensa ba.

Sannan a daina haɗa Wells da Orson Welles, ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, mutum biyu ne daban. Shi Orson a rediyon CBS ya gabatar da labarin ranar 30 ga Oktoba 1938, cikin sigar labarai masu shigowa da ɗumi-ɗuminsu daga New Jersey. Wasu masu sauraro sun firgita da gaske, amma masana tarihi da dama suna ganin jaridun lokacin sun zuzuta abin fiye da kima.