Kilo 12.5 a baki, kilo 11 a silinda, faɗa kuma a kan matar gida

Gas ya ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo, kwana 19 da zubawa, sai maigida ya hau sababi: "Wai shan gas ɗin nan kuke yi ne?" Uwargida ta rantse ba ta dafa komai ba bayan abin da aka saba. Mai gas kuwa yana can shagonsa yana ƙirga kuɗi, babu wanda ya tambaye shi ko nawa ya zuba. Wannan shi ne abin haushin. Tun da kilo ya haura naira 1,000 ake sayen gas da tsadar zinare, amma ana karɓarsa kamar sadaka, ba awo, ba shaida, sai dai "na cika maka, Alhaji".

Ranar ƙarewar silinda ba gaibu ba ce, lissafi ne. Kai ɗaya na murhun gas irin na gida, matsakaici, idan aka buɗe shi sosai yana cin kusan giram 150 a awa. Babban kai yana haura 200, ƙaramin na shayi yana ƙasa da 100. Raba kilo 12.5 da giram 150, za ka samu awa 83 na wuta. Gidan da ke dama koko ko dafa shayi na rabin awa da safe, girkin rana awa ɗaya, na dare awa ɗaya da rabi, ya ƙona awa uku ke nan, giram 450 a yini, silindar ta kai shi kwana 27 zuwa 28. A lura, in an kunna kai biyu lokaci ɗaya, miya a nan tuwo a can, na tsawon awa guda, awa biyu aka ci. Babban gida mai ƙona awa biyar a yini kada ya sa ran wuce kwana 16 ko 17. Ƙaramar nan mai kilo 6 da ake ɗaura wa kai a bisa ba ta da regileta, wato abin da ke rage ƙarfin fitowar gas, wutarta ta fi ƙarfi, cinta ma ya fi, don haka awa 30 zuwa 40 ne iyakarta. Mai kilo 3 rabin haka.

To, gidan da lissafinsa ya ba da kwana 28 amma wuta ta mutu a kwana 19, ina kilo huɗu suka shiga? Wuri uku ne: ko ba a zuba su ba tun farko, ko sun tsiyaye, ko an ƙona su a wani aikin da ba a ƙirga.

A fara da na farko, don shi ya fi ciwo. Kowace silinda ta ƙwarai an buga nauyinta na fanko a jikin ƙarfen hannunta ko kafaɗarta, sau da yawa kusa da haruffan TW. In an rubuta 13.8, to cikakkiya dole sikeli ya nuna 26.3. Magana ta ƙare. Amma je ka tsaya a ƙananan shagunan unguwa, inda ake kifa babbar silinda mai kilo 50 ana juyewa cikin ƙanana, ka ga yadda ake yi. Yaro zai ɗora silindarka a sikeli, ya haɗa tiyon zubawa, bai mayar da sikelin sifili ba. Ƙarfen bakin tiyon da shi kansa tiyon suna danne silindar, nauyinsu ya shiga cikin abin da ka biya. In akwai ragowar kilo ɗaya a ciki da ka zo da shi, an sake sayar maka da kayanka. Sikelin kansa tsohon mai allura ne, gilashinsa ya dushe, an juyar da fuskarsa bango, sai mai shago kaɗai ke gani. Ka ce a nuna maka, a ce ka cika ƙorafi, ga layi na jira. Haba! Mai tumatir ma yana barin ka ga kwanon awonsa.

Manyan wuraren zubawa masu famfo da lambobi ma ba a rufe ido a kansu. Injin nan lita yake aunawa, sannan ya juya ta zuwa kilo da wani adadi da aka saita masa, domin lita ɗaya ta gas ta ɗan haura rabin kilo kaɗan ne. Saitin ya karkace, da gangan ko da sakaci, allo zai rubuta maka 12.5 tas, silinda kuwa ta san ba haka ba ne. Lambar allo ba hujja ba ce, sikeli ne hujja, kafin zubawa da bayan an cire tiyo. Kilo ɗaya da rabi da aka tauye awa 10 ne na wuta, girkin kwana uku da ɗoriya. A yi wa mutum 40 haka a yini, an tashi da kilo 60, fiye da babbar silinda guda. Duk wanda ya yi makarantar allo ya wuce ta kan surar Muɗaffifina, ya san abin da aka ce game da masu tauye mudu, kuma ba a ware gas ba.

Akwai kuma masu cewa a cika musu "har wuya". Kuskure ne mai haɗari. Ruwan gas yana kumbura da zafi, shi ya sa ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikin silinda fanko. A ɗura fiye da kima, a ɗaure a bayan babur, a bar ta a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri, an ɗauko wa gida bala'i.

Na biyu, yoyo. Nan ma kasuwa ce ta cuce mu, don an cika ta da regileta na jabu da tiyon da ba na gas ba. Har tiyon ruwa mai haske ake yanka wa mutane, wanda gas ke busar da shi ya tsage cikin watanni. Wuraren da ake yawan samun yoyo huɗu ne: 'yar robar da ke cikin bakin silinda, wadda ke cinyewa ko ta faɗi wajen zubawa, mahaɗar regileta da tiyo, mahaɗar tiyo da murhu, sai bayan kabad inda ɓera ke gwaguya. A kaɗa sabulu da ruwa ya yi kumfa, a buɗe gas murhu na kashe, a shafa a duk mahaɗa. Inda kumfa ke tasowa tana girma, nan kuɗinka ke fita. Ba da ashana ake gwadawa ba, ko da wasa. Kowane bakin tiyo a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe mai noti, ba da waya ko kyauron roba ba, a kuma kashe daga kan regileta bayan kowane girki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa wani lokaci yaro mai rarrafe ke cikinsa babba a tsaye bai ji warin ba.

Agogon nan da ake liƙa wa wasu regileta, ana cewa yana nuna saura, yaudara ce mai tsada. Ƙarfin iskar yake aunawa, ƙarfin kuwa ba ya sauka muddin akwai ruwan gas a ciki, ko kilo 10 ne ko rabin kilo. Allura na kan kore yau, gobe ta faɗi ja, tuwo ya tsaya a talge.

Na uku shi ne wanda magidanta ba sa son ji: ruwan wanka. Tafasa lita 10 na ruwan da ya kwana a sanyin hunturu yana cin kusan giram 150, daidai da girkin awa guda. Mutum biyar, kowa a surka masa da lita biyar na tafasasshe, lita 25 ke nan, giram 375 kowace safiya. Haɗa da 450 na girki, silindar kwana 28 ta koma ta kwana 15, tun daga Disamba har Fabrairu, kuma mai faɗan shi ne farkon shiga wanka. Gidan da ke da mai jego kuwa, wankan safe da yamma na kwana 40 ba aikin silinda ba ne sam, a nemi itace ko gawayi a tsakar gida. Hitar ɗumama ɗaki mai aiki da gas, wadda ake gani a wurare irin Jos, in an ƙure ta tana cin kusan giram 300 a awa, wato awa biyar kullum dare takwas ne silinda ta tafi. Kunna murhun girki a ɗaki a rufe taga don jin ɗumi kuwa, iska mai guba marar wari yake tarawa, irin wadda kaskon gawayi ke kashe mutane da ita a barci.

Sauran ɓarnar ƙanana ce amma tana taruwa. Wuta mai ja ko rawaya da ke baƙanta gindin tukunya alama ce ramukan kan sun toshe da miya ko ƙofar iska ta rufe, a cire a wanke a bi ramukan da siririyar waya har wuta ta dawo shuɗiya. Harshen da ke lasar gefen tukunya ɗaki yake dafawa. Wake ba jiƙo, ganda da ƙafar saniya a buɗaɗɗiyar tukunya awa uku, rabin kilo ne a girki ɗaya. In silinda ta yi gumi wuta ta yi rauni da asubar sanyi, a rage kai ɗaya a jira, kada a kwantar da ita ko a tsoma ta a ruwan zafi.

Abin da ya rage shi ne hukuma. Akwai sashen kula da ma'auni a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya, akwai NMDPRA, hukumar sa ido kan rarrabawa da sayar da mai da gas, da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, akwai SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, mai duba ingancin silinda da regileta. Abin da mai saye ke nema bai taka kara ya karya ba: sikeli mai hatimin dubawa a kowane wurin zubawa, fuskarsa na kallon mai saye, da 'yar takarda mai nauyin farko da na ƙarshe. Kafin a samu wannan, sikelin rataya mai ɗaukar kilo 50 bai kai kuɗin cika silinda sau ɗaya ba. A auna ta fanko a gida, a auna da an dawo, a rubuta a bango da kwanan wata. Bayan kwana bakwai na girkin da aka saba a sake aunawa, a raba abin da aka ƙona gida bakwai, cin gidan na yini ya fito. In ranar dawowa daga shago sikeli ya nuna 24.8 maimakon 26.3, a mayar da silindar kan babur tun ba a haɗa regileta ba, a tafi da sikelin a hannu.